Haƙurin da Mu Ke Ba Matar Soja

Akwai wata kalma wadda matar soja ta ke ji daga bakin maƙwabta fiye da kowace kalma, ita ce haƙuri. Ran da aka kwashi mijinta zuwa Borno ko Zamfara, a kan shiga ɗakinta a ce, "Sai haƙuri." In wata uku ya wuce ba ta ji muryarsa ba, sai haƙuri. In ya komo da ransa amma ya zama kamar baƙo a cikin gidansa, ba ya barci, ba ya dariya, yana yi wa yara tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, har yanzu dai maganar ɗaya ce. In kuwa saƙo ne ya zo maimakon mutum, to, a nan ne kalmar ta kan yi yawa har ta cika tsakar gida. Ba mu ce kalmar mummuna ce ba. Kakanninmu sun ce haƙuri maganin zaman duniya, ba su kuwa yi ƙarya ba. Amma ya kamata mu tambayi kanmu, mu mazaunan Unguwar Mu'azu da sauran unguwannin Kaduna, ko wannan haƙuri da a ke rabawa kyauta ce ta gaske, ko kuwa hanya ce ta kakkaɓe riga a fita, a bar mace ɗaya da kayan da ya kamata gari duka ya ɗauka.

Tambayar ta fi kama mu bisa ga mutanen wani gari, gama Kaduna garin soja ne tun daga tushensa. Sojojin Gwamna Lugga sun riga ma'aikatan ofis sauka a bakin kogin nan, kafin a ƙaurar da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Tun daga lokacin bariki bai rabu da mu ba. Hedkwatar Runduna ta Ɗaya tana nan, makarantar horon hafsoshi wadda aka buɗe a 1964 tana nan, sansanin mayaƙan sama yana nan, Jaji tana kan hanyar Zariya, a Zariya kuma a ke horon kurata. Amma ba dukan iyalin soja ke zaune cikin bariki ba. Ɗakunan ba su isa kowa ba. Wanda ya gama aiki dole ya fita, matar da mijinta ya mutu kuwa, ita ma wata rana za a bukaci ɗakinta domin wani. Ina su ke nufa? Su kan kama haya a Unguwar Mu'azu, da Kabala West, da Tudun Wada, da Kakuri. Rijiya ɗaya mu ke ja da su, 'ya'yansu da namu aji ɗaya su ke, ran Lahadi kuma waɗansunsu benci ɗaya mu ke zama da su.

Wanda ya lura da sunayen barikoki zai ga abin ba na yau ba ne. Dalet da Kalapanzin a nan Kaduna, da Chindit a Zariya, duk sunaye ne da aka ɗauko daga yaƙin ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu su ke kira Bama. Tsakanin 1943 da 1945 dubban mazajen ƙasar nan sun ƙetare teku cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Japanawa cikin kurmi da laka da ruwan sama. Abin mamaki, jikokinsu su ma sun san Bama, sai dai tasu Bamar tana cikin Borno, wadda 'yan Boko Haram suka kama a Satumba 2014, aka ƙwato ta a Maris 2015. Tsakanin wancan da wannan an yi Kwango a 1960, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, an yi Laberiya daga 1990, an yi Saliyo. Kowane ɗaya daga cikinsu ya maido mana da mutane, kowane mutum kuma ya shiga wani gida.

Masu shekaru a cikinmu za su tuna irin waɗansu 'yan mazan jiya da suka sani. Da yawa sun komo lafiya lau, suka kama noma ko aikin gadi ko tuƙin mota, suka tsufa da mutunci. Amma a kowane gari a kan sami ɗaya ko biyu da yara su ke bi suna tsokana, mai fareti shi kaɗai a bakin kasuwa, ko mai zaman dindindin a gidan burkutu. A kan ce, "Ai tun da ya dawo daga yaƙi kansa ba daidai ba," a yi dariya a wuce. Ba a cika tambaya ba wace ce ta ke dafa masa abinci, wace ce ta ke kwana ɗaki ɗaya da shi, me kuma 'ya'yansa su ke gani da dare.

Turawa ma ba su gane abin da wuri ba. A yaƙin duniya na fari, daga 1914 zuwa 1918, Ingila ta harbe sojojinta 306 bisa laifin tsoro ko gudu da makamantansu, alhali waɗansu daga cikinsu ƙarar igwa ce ta riga ta ruɗa musu hankali. Sai a 2006 aka yi musu gafara, bayan matansu da yawancin 'ya'yansu sun mutu da kunyar abin. Likitocin Amurka kuwa sai a 1980, bayan sun ga halin da mutanensu suka komo da shi daga Biyetnam, suka rubuta wannan ciwo cikin jerin cututtuka da suna nasa. Suna taƙaita sunan da haruffa huɗu, PTSD. Mu dai bari mu kira shi ciwon firgita.

Ga yadda ya ke. Allah ya sa wani mai tsaro a cikin jikin mutum, wanda in hatsari ya taso ya kan sa zuciya ta buga da sauri, ido ya buɗe, kunne ya yi kaifi, barci ya gudu. A bakin daga wannan mai tsaro shi ne ya ke ceton rai. Sojan da ya yi shekara biyu yana kwana da takalmi a ƙafa, yana duban kowane tudun ƙasa a hanya ko nakiya ce, jikinsa ya koyi darasi, ya kuwa koya da kyau. Matsalar ita ce sa'ad da ya komo gida mai tsaron nan ba ya yarda an tashi daga aiki. Ƙofa ta buga, ya zabura. Yara suka fasa banga a watan Disamba, ya faɗi ƙasa yana neman bindigar da ba ta nan. Abin da ya gani ya kan komo masa cikin mafarki, wani lokaci ma da rana tsaka, kamar yanzu a ke yinsa. Ya kan guje wa taro, ya zauna inda bayansa ke jikin bango. Wani kuma zuciyarsa ta kan yi kanta har ya kasa jin daɗin ɗansa da ya hau cinyarsa, wannan kuwa ya fi kome ba shi tsoro. Yawancin mutane in sun ga tashin hankali su kan yi haka na 'yan makonni, sa'an nan abin ya lafa. In ya wuce wata guda yana nan, yana hana mutum aiki da zaman gida, to, ya zama ciwo, kuma yana da magani.

Mu mutanen Kaduna bai kamata wannan ya zama mana baƙon labari ba. Wanda ya ga Fabrairu 2000, ko Nuwamba 2002, ko Afrilu 2011, ya san yadda ƙafa ta ke sanyi in an ga hayaƙi ya tashi daga wata unguwa, ko an ga mutane biyu uku suna gudu. Kwanaki kaɗan mu muka gani, ga shi har yau yana jikinmu. Balle wanda ya yi shekaru a ciki.

Yanzu mu komo wurin matar. Wahalarta ta fari jira ne. A zamanin Bama mace ta kan jira takarda wata da watanni. Yau akwai wayar hannu, mutum ya yi tsammani abin ya yi sauƙi, amma wayar ta zo da nata azabar. In ta kira ba ta shiga ba, ba ta sani ba ko rashin layi ne a daji ko kuwa wani abu ne. Kafin hukuma ta ce kome, hotunan gawa sun riga sun zaga wayoyin unguwa, kamar yadda aka yi bayan harin Metele a Nuwamba 2018, tana duban takalma da fuskoki tana neman nata. Ita ce uwa, ita ce uba, ita ce mai zuwa wurin mai gida a kan kuɗin haya, ita ce mai amsa wa surukai. A Agusta 2014 matan sojoji a barikin Giwa a Maiduguri sun tare ƙofa, suka hana motoci fita da mazajensu zuwa Gwoza, suna cewa ba a ba su makaman kirki ba. Ko mutum ya yarda da abin da suka yi ko bai yarda ba, ya ga inda haƙuri ya kan kai in ba mai saurare.

Akwai kuma wadda aka ce mijinta ya ɓace, ba a ga gawa ba. Ita ba ta yi makoki ba, ita kuma ba ta da miji. In ta yi kuka a ce tana yi masa fatan mutuwa, in ta yi kwalliya a ce ta manta da shi. Wata malama a Amurka, Pauline Boss, ta yi nazarin iyalin matuƙan jirgin da suka ɓace a Biyetnam, ta nuna irin wannan rashi ya fi wuyar ɗauka, domin ba shi da ƙofar da za a rufe. Al'adarmu tana da hanyar gaisuwar mutuwa, kowa ya san abin da zai ce da abin da zai kai. Ga wannan mace kuwa ba mu da al'ada, saboda haka mutane su kan daina zuwa.

Amma wadda mu ke so mu daɗe a kanta ita ce wadda mijinta ya komo. Kowa yana yi mata barka. A sujada a kan tashi a yi godiya, daidai ne kuwa a yi. Bayan mako biyu baƙi sun ɗauke ƙafa, sai ta soma gane mutumin da ya tafi ba shi ne ya dawo ba. Da dare ta ji ya shaƙe ta cikin barci, ya farka yana rawar jiki, da safe ba wanda ya tada maganar. Ta koya wa yara tafiya a hankali, ta hana su kawo abokai. Albashi ya soma ƙarewa a kasuwar mami, ko a wurin masu tiramadol, gama mutumin ya gano abin da ke sa shi barci na awa uku. Yarinyar da ta daina fitsarin kwance ta koma yi, yaron da ke na biyar a aji ya koma na talatin, malami ya yi masa bulala bai san dalili ba. Ita kanta uwar ta soma ciwon kai da faɗuwar gaba, ta je kyamis a ba ta maganin zazzaɓi. To, wa za ta gaya wa? In ta gaya wa uwarta, uwar ta ce aure ɗan haƙuri ne. In ta gaya wa matar fasto, tana tsoron maganar ta fito cikin roƙon addu'a a gaban zumuntar mata. In ta kai ƙara bariki, tana tsoron a rubuta wa mijin wani abu a takarda wanda zai hana shi igiya, ko ma a sallame shi, abincin gidan duka ya tafi. Sai ta yi shiru. Mu kuma mu dube ta mu ce, kai, wance akwai haƙuri.

A nan ne tambayarmu ta ke. Shin wannan shiru shi ne haƙuri? Mu a ganinmu abu biyu ne masu kama da juna, amma kama da wane ba ta wane. Haƙuri shi ne mutum ya daure wa abin da ba shi da ikon sakewa, ba tare da zuciyarsa ta lalace ba. Manomi yana haƙuri da damina domin ba shi ya ke saukar da ruwa ba. Amma in ɗakinsa yana yoyo, ga ciyawa ga igiya, ya zauna ruwa na zuba a kan 'ya'yansa, ba wanda zai yabe shi. Matar soja ba ta da ikon tsai da yaƙi, ba ta da ikon hana a kwashi mijinta. A nan haƙuri ya dace, kuma babban abu ne. Ciwon firgita kuwa yana cikin abubuwan da a ke iya sakewa. Wanda ya ce mata ta yi haƙuri da shi, alhali ya san akwai likita, ya ɗauki kalma mai daraja ya toshe mata baki da ita. Akwai kuma wani abu da ya kamata a lura. Mai ba da haƙuri ya kan ba da shi ne a tsaye, a bakin ƙofa, gama kalmar ba ta cin lokaci ba ta cin kuɗi. Abin da ba ya cin mai bayarwa kome, da wuya ya isa biyan bashi.

Wani zai ce, ina bashi? Ai shi ya kai kansa, ya sa hannu, ana kuwa biyansa. Gaskiya ne. Amma albashi kuɗin aikin mutum ɗaya ne. Matar ba ta sa hannu a takardar kowa ba, yaron da aka haifa uban yana Sambisa balle shi. In mu muna barci a Unguwar Mu'azu, motocinmu suna wucewa ta hanyar Birnin Gwari ko ta Abuja domin wani yana tsaye a daji, to, mun ci amfanin abin da ya lalata barcin wani gida. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa ya san sauran maganar.

Wani kuma zai kawo magana mai nauyi fiye da wannan, ba kuwa za mu kauce mata ba. Zai ce sojan ma ai ya sa waɗansu kuka. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Maulidi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, nan kusa da mu, mutum 85 suka mutu bisa ga lissafin hukuma, rundunar kuma ta amsa kuskurenta ne. Akwai kuma wanda aka mara a shingen hanya ba laifin tsaye ba na zaune. Duk wannan gaskiya ne, waɗanda aka zalunta kuma suna da hakkin a yi musu shari'a. Tausayin gidan soja ba ya share wannan hakki. Amma mu yi tunani: mutumin da bai yi barcin kirki ba shekara guda, wanda ke ganin abokin gaba a kowace fuska, in aka bar shi haka aka sake miƙa masa bindiga aka tsai da shi a mararraba, wa zai sha wuyarsa? Ko wanda ba ya ƙaunar soja ko kaɗan, in yana ƙaunar kansa, ya kamata ya so a warkar da shi.

Na uku zai ce aikin gwamnati ne. I, nata ne da fari, kada kuma a sauke mata shi. Akwai asibitin soja na 44 a nan Kaduna inda a ke kawo waɗanda suka ji rauni a bakin daga. Yarima Harry na Ingila, wanda shi ma ya yi aikin soja a Afganistan, ya ziyarce su a Mayu 2024. Akwai asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Barnawa, wanda ke karɓar kowa, soja da farar hula. A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai ɗaukar maras lafiya kamar abin da za a kulle. Amma likitocin hankali a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Ko da sun yi yawa ma, likita ba ya shiga gida ya ƙwanƙwasa. Sai an kai masa mutum. Sunan Barnawa kuwa ya zama abin zagi a bakin yara, har namiji ya gwammace ya mutu a ɗaki da a gan shi a ƙofar wurin. Wannan kunya ba gwamnati ta ƙera ta ba. A bakin mutanen unguwa ta ke, a nan kuma za a kashe ta.

Wani ɗan ƙasar nan ya riga ya nuna hanya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane ɗaya tare da wani danginsa, uwa ko 'yar'uwa ko ƙane. Da rana su zo shan magani, da yamma su koma cikin mutane. Ya gane hankalin mutum ya fi saurin komowa in ba a raba shi da jama'a ba, duniya kuma ta yaba masa har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. In ƙauye ya iya zama rabin asibiti, unguwa ma ta iya.

Dole mu faɗi wata magana a kan addu'a, tun da shi ke a wurinmu ita ce a kan fara nema. Addu'a tana da wurinta, mai ciwo kuma ya kan sami ƙarfi in ya san ana tunawa da shi a gaban Allah. Amma in soja ya komo da harsashi a cinya, ba mai cewa rashin bangaskiya ne, ba mai cewa iskoki ne, a kan yi addu'a a kuma kai shi a cire. Don me za a sake ma'auni in raunin yana inda ido ba ya gani? Waɗanda su ke tara mutane a kan mai ciwon firgita da ihu da ganga dukan dare, suna ƙara wa jikinsa abin da ya riga ya yi masa yawa. Masu ɗaure mutum da mari kuwa, ko da wane suna su ke yi, na coci ko na wani wuri, mugunta su ke yi. Masu karatunmu sun san a cikin Littafin Lissafi an sa mayaƙan da suka komo su yi kwana bakwai a bayan zango kafin su shiga cikin jama'a. Dokar tsarkakewa ce, amma tana nuna tun dā an san ba a fitowa daga zub da jini a faɗa tsakar gida kai tsaye. Wani sojan abin da ke cinsa ba tsoro ba ne, abin da hannunsa ya yi ne, ko abokin da ya bari a baya. Irin wannan ba wa'azi ya ke bukata da fari ba. Yana bukatar dattijo mai riƙon asiri wanda zai iya jin mummunan labari har ƙarshe, fuskarsa ba ta sake ba. In tsohon soja ne dattijon, ya fi.

Rufin asiri abu ne mai kyau, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma asiri yana da iyaka, ya kamata kuma a gaya wa mata iyakar a fili. In mutum ya soma dūka, ko ya ɗaga makami a gida, ko ya soma cewa gara ya mutu ya huta, yana rabon kayansa, to, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ta fitar da yara zuwa gidan maƙwabta, ta gaya wa wanda zai iya yin wani abu a daren nan: Magajiyar bariki, ko limamin soja na addininsu, ko likitan rundunar, ko dattijon da mijin ke jin nauyinsa. Wanda ta gaya wa kuma kada ya maishe ta da kalmar nan tamu. Ba tonon asirin miji ta yi ba. Igiyar da ta ke tsoron zai rasa ba ta kai ransa ba, ba ta kuwa kai nata ba. In kuma ana tsoron mutum yana shirin kashe kansa, a tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa. Likitoci sun tabbatar tambayar ba ta sa wa mutum tunanin a zuciya, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma nisantar da makami da magunguna daga hannunsa har a kai shi asibiti.

Sauran abin ƙanana ne, zumunta kuwa a ƙafa ta ke. Maƙwabciyar da ta ɗauki yaran ran Asabar domin uwar ta yi barci ta yi aikin likita ba ta sani ba. Haka mutumin da ya ce, "Yallaɓai, gobe ni ma ina da zuwa wajen Barnawa, mu tafi tare," ya kuwa zauna da shi a benci har a kira sunansa, ya sake raka shi karo na biyu da na uku, gama maganin ba na rana ɗaya ba ne, ya kan ɗauki makonni ana zama da masani ana warware abin kaɗan kaɗan. Malamin makaranta in ya san uban yaro yana daji, ya tambaya kafin ya ɗauki bulala. Iyaye su hana yara fasa banga a ƙofar gidan da suka san akwai wanda ya komo daga daga. A daina tambayar soja mutum nawa ya kashe. Wadda mijinta ya ɓace, a riƙa zuwa ko ba a san abin da za a ce ba.

Akwai kuma wata takarda wadda dattawan ekklesiya za su iya tambaya tun ran da a ke shirin aure. Yaro ya kan shiga soja yana saurayi, a ce ya rubuta magajinsa, ya rubuta sunan ubansa ko wansa. Ya yi aure, ya haifu, bai koma ya sake sunan ba. In ya faɗi, hukuma takarda ta ke bi, sai kuɗin ya tafi wani gida, matar da 'ya'ya uku su fito daga bariki da katifa da tukwane, su zo neman ɗaki ɗaya a Unguwar Mu'azu. Mata da yawa suna kwana da wannan tsoro, ba su iya tada maganar domin kada a ce suna jiran mutuwar miji. Dattijo kuwa ya iya tada ta ba wanda zai zarge shi. Kafin 15 ga Janairu mai zuwa, ranar da a ke ajiye furanni domin tunawa da mazan jiya, kowace ekklesiya ta iya sanin gidajen soja nawa ke cikinta, nawa ne mazajensu ke daji, nawa ne kuma sunan matar ke kan takardar.